Daga Gwagwarmayar Talakawa zuwa Gidan Gwamnati: Darasin Hanyar Balarabe Musa a Tsohuwar Jihar Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa tun daga shigarsa jam'iyyar NEPU a 1953 har zuwa ranar da majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna ta tsige shi daga kujerar gwamna a 1981. Manufarta ita ce gano abin da ke samun ɗan gwagwarmayar al'umma idan ya bar filin kokawa da hukuma ya zama shi ne hukumar. An kwatanta abin da ya faru a Kaduna da na Kano a ƙarƙashin Muhammadu Abubakar Rimi, tunda jam'iyya ɗaya ce ta kafa gwamnatocin biyu a rana ɗaya. Maƙalar ta nuna cewa gaskiya da farin jini suna iya kai mutum ga kujera, amma abin da ke riƙe shi a kanta, ya kuma ba shi damar aiki, shi ne yawan mutanensa a majalisa da haɗin kan jam'iyyarsa. Daga ƙarshe an jawo hankalin matasan da ke shirin bin wannan hanya a yau.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gari ko unguwa a ƙasar Hausa da ba ta da mutumin da jama'a ke rugawa wurinsa idan abu ya taso. Shi ne ke tara kuɗin gyaran rufin firamare, shi ke bin takardar taransifoma daga ofis zuwa ofis, shi ke tsaya wa manomin da aka ƙwace wa gona. Idan kakar zaɓe ta ƙarato, mutanen da ya yi wa hidima ne ke fara ce masa ya fito takara. Irin wannan mutum ne wannan takarda ke nufi da ɗan gwagwarmayar al'umma, wato wanda ƙimarsa ta samo asali daga tsayawa kan buƙatun mutanen da yake zaune a cikinsu, tun kafin ya riƙe wani muƙami.

Tambayar da ta dame mu ita ce: me ya sa da yawa daga cikin irin waɗannan mutane, idan suka shiga siyasar jiha, ko dai a fitar da su da wuri, ko kuma su narke su zama irin waɗanda suka tarar? Amsar da aka saba bayarwa takan tsaya kan halin mutum, a ce wane ya ci amana, wane kuma taurin kai ya yi masa yawa. Hali yana da nasa muhimmanci, amma tarihin Jamhuriya ta Biyu ya nuna cewa akwai abin da ya fi shi tasiri. An zaɓi Balarabe Musa ne domin ko abokan hamayyarsa sun shaide shi da riƙon aƙida, ga shi kuma shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya.

2.0 Tushen Gwagwarmayar

Ba za a fahimci Balarabe Musa ba sai an fahimci kukan da ya haifi NEPU. An kafa jam'iyyar a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, a lokacin da En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, ke riƙe da kusan duk abin da ya shafi rayuwar talaka: 'yan doka nata ne, gidan yari nata ne, kotun alƙali tata ce, haka ma baitulmali. Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikin koyarwa a wannan shekarar ya kuma zama shugaban jam'iyyar a 1953, ya fito ne daga zauren tattaunawa na Bauci tare da Malam Sa'adu Zungur, da kuma ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Tun asali ke nan siyasar NEPU ta tsiro daga ƙungiyoyin al'umma.

Babban abin da ya fi ci wa talaka tuwo a ƙwarya shi ne haraji da jangali. Haraji yakan zo ne da kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Mai unguwa ya bi gida-gida da jerin sunayen baligai, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya miƙa wa hakimi. Magidancin da ba shi da kuɗi a hannu sai ya auni gero ko dawa daga rumbun da zai ciyar da iyalinsa, ya kai kasuwa ya sayar a wulaƙance, sannan da bazara ya koma ya sayi irin wannan hatsi da tsada. Wanda ya kasa biya yana iya shan ɗauri ko tozarci a ƙofar dagaci, wani kuma ya tsere ci-rani. Rasiɗin haraji ya zama abin da matafiyi ke ninkewa ya sa a aljihu, domin ana iya tare shi a hanya ko a kasuwa a ce ya nuna. Bafulatani kuwa, idan lokacin ƙirgar shanu ya zo, yakan kora wani sashe na garkensa cikin daji ko ya tsallaka iyaka.

'Yan NEPU sun gina ƙarfinsu ne a kan irin waɗannan koke-koke, kuma sun biya farashi mai tsada na ɗauri da duka da korar gari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku saboda neman 'yancin mata da talakawa. Sai dai tun a zaɓen 1951 jam'iyyar ta ɗanɗani darasin da zai riƙa maimaita kansa. Ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a mataki na ƙarshe. Da aka kammala, 'yan takarar NEPU ba su kai ga majalisar Arewa ba. Jama'a na tare da su, tsarin da ke raba kujeru kuwa yana hannun wasu.

3.0 Hanyar Balarabe Musa

An haifi Balarabe Musa ranar 21 ga Agusta, 1936, a garin Kaya cikin ƙasar Zazzau. Ya yi Midil ta Zariya, ya wuce makarantar koyon aikin mulki ta Zariya, ya yi aikin akawu da koyarwa, daga baya ya yi karatun akanta a Landan. Ya riƙe manyan muƙaman kula da kuɗi, har a kamfanin rediyo da talabijin na Arewa da ke Kaduna, ya kuma rungumi noma. Ya shiga NEPU a 1953 yana ɗan shekara 17.

Abubuwa biyu ne suka haɗu a jikinsa waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Ya san kukan ƙauye daga tushe, ya kuma san yadda ake karanta kasafin kuɗi da yadda ake ɓoye ɓarna a cikin lissafi. Ba mai zaƙin baki ba ne irin na dandalin lacca kamar Rimi. Ƙarfinsa yana ga tsayuwa kan magana ɗaya da bin diddigin alƙaluma.

Sojoji sun rushe jam'iyyu a 1966. A shekarun da suka biyo baya an karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e ɗin. Amma haraji da jangali suna nan, haka ma ikon masu sarauta a kan filaye. Da aka ɗage takunkumin siyasa a Satumbar 1978, tsofaffin 'yan NEPU suka haɗu da matasan malaman jami'a da 'yan ƙwadago suka kafa PRP ƙarƙashin Malam Aminu Kano. Ita ce ta tsayar da Balarabe takarar gwamnan Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da ƙasar Katsina da Daura, domin sai a 1987 aka ƙirƙiri Jihar Katsina.

4.0 Zaɓen 1979 da Tarkon da ke Cikinsa

An gudanar da zaɓuɓɓukan 1979 ne ɗaya bayan ɗaya: na majalisar dattawa ranar 7 ga Yuli, na wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28, sannan na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Shi ne babban zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa. Wannan jeri na ranaku yana da muhimmanci ƙwarai ga abin da ya biyo baya.

Ranar 21 ga Yuli, jam'iyyar NPN ta lashe sama da kujeru 60 daga cikin 99 na majalisar dokokin Kaduna, PRP kuwa ba ta kai 20 ba. Bayan mako ɗaya tak, Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Abin da ya faru a tsakani shi ne, magoya bayan sauran jam'iyyu, musamman GNPP, da suka ga inda aka dosa, sun tattara ƙuri'unsu a kan mutum ɗaya. Ga kuma rashin jituwa a cikin ita kanta NPN, da tsohuwar gasar da ke tsakanin ɓangaren Zariya da na Katsina. Kujerar gwamna guda ce, ana iya yi mata taron dangi. Kujerun majalisa kuwa mazaɓa-mazaɓa ake cin su, kuma can sai jam'iyyar da ke da ɗan takara da wakilin akwati da kuɗin zirga-zirga a kowane lungu.

Saboda haka nasarar Balarabe ta fi ƙarfin jam'iyyarsa. Ya shiga gidan gwamnati ranar 1 ga Oktoba, 1979, da amincewar jama'a, amma majalisar da za ta amince da kwamishinoninsa, ta zartar da kasafinsa, ta kuma yanke hukunci a kan makomarsa, tana hannun waɗanda ya kayar.

5.0 Mulki Babu Kwamishina

Matakin farko da gwamnatocin PRP biyu suka ɗauka shi ne soke haraji da jangali. Kukan da aka yi shekara talatin ana yi ya zo ƙarshe da sanarwa ɗaya, kuma ba a jima ba wasu jihohin Arewa suka bi sahu. Wannan kaɗai ya isa hujja ga masu cewa ɗan gwagwarmaya ya nemi mulki, domin abin da zanga-zanga da ɗauri suka kasa kawowa, sa hannun gwamna ya kawo shi.

Balarabe ya kuma kafa hukumar binciken filaye, wadda ta zagaya jihar tana sauraron manoman da ke kukan an ƙwace musu gonaki. Ya jawo Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi daga Jami'ar Ahmadu Bello, ya naɗa shi sakataren gwamnati. Ya fito da shirin kafa masana'antu a ƙananan hukumomi domin sarrafa amfanin gonar kowane yanki, irin su kamfanin sarrafa tumatir na Ikara da na citta a Kachiya. Duk waɗannan sun taɓa muradun masu ƙarfi, musamman batun filaye, wanda shi ne jijiyar ikon sarauta a karkara.

Kundin tsarin mulkin 1979 ya ce ba a naɗa kwamishina sai majalisa ta amince. Balarabe ya aika jerin sunaye, majalisa ƙarƙashin Kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa ta mayar. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. NPN na ganin tunda ita ke da rinjaye dole a dama da ita, gwamna kuma na ganin jama'a sun zaɓe shi ne domin ya aiwatar da shirin PRP, kuma ba zai miƙa ma'aikatu ga waɗanda suka yi yaƙi da shirin ba. Haka aka yi wata 20 da 'yan kai jihar ba ta da kwamishina ko ɗaya. A aikace, fayil ɗin da ya kamata kwamishinan ilimi ko na ayyuka ya duba ya yanke shawara, sai babban sakatare ya ɗauko shi ya kawo teburin gwamna. Babu majalisar zartarwa da za ta zauna ta amince da kwangila ko ta raba nauyin yanke hukunci. Duk abin da gwamna ya yi domin kada aiki ya tsaya, ana iya juyawa a ce ya yi gaban kansa. Majalisar da ta hana shi abokan aiki ita ce daga baya ta tuhume shi da ƙetare iyakar ikonsa.

Masana sun rabu a kan wannan. Wasu na ganin da ya ba NPN 'yan kujeru da ya kammala wa'adinsa, talakawa su ci moriyar shekara huɗu maimakon ƙasa da biyu. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma a ganinmu, kwamishinan filaye ko na ƙananan hukumomi daga jam'iyyar da masu sarauta da manyan 'yan kwangila suka jingina da ita ba zai bari binciken filaye ya kai ko'ina ba. Da ya sassauta, mai yiwuwa ya tsira da kujera, amma shirin da ya kawo shi ne zai tafi. Matsalar ta riga ta afku tun ranar 21 ga Yuli, kuma duk zaɓin da ya rage masa bayan nan mai ɗaci ne.

6.0 Tsigewa

Sashe na 170 na kundin 1979 ya sauƙaƙa wa majalisa mai rinjaye aikin tsige gwamna. Kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar tuhuma, kashi biyu bisa uku su amince a yi bincike, kakakin majalisa da kansa ya naɗa kwamitin mutum bakwai, sannan kashi biyu bisa uku su karɓi rahoton. Abin da ake kira babban laifi kuwa, duk abin da majalisa ta ɗauka babban laifi ne. Sashen ya kuma hana kotu tsoma baki. Balarabe ya je kotu, kotu ta ce ba ta da hurumi. Ranar 23 ga Yuni, 1981, aka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Abin da ya ƙara raunana shi shi ne, lokacin da yake buƙatar jam'iyyarsa ta tsaya a bayansa, ita kanta ta dare gida biyu. Gwamnonin PRP biyu sun shiga tarukan gwamnoni tara masu ra'ayin kawo sauyi tare da na UPN da GNPP, uwar jam'iyya kuma ta hana. Rikicin ya haifar da ɓangaren santsi, wanda gwamnonin ke ciki ƙarƙashin tsohon shugaban 'yan ƙwadago Michael Imoudu, da ɓangaren taɓo na Malam Aminu Kano, wanda hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da shi. Gwamnan da majalisa ta sa a gaba ya wayi gari ba ya tare da jagoran da sunansa ke tara masa jama'a.

7.0 Kwatanci da Kano

A Kano PRP ta lashe kujerar gwamna da gagarumin rinjaye a majalisa. Gwamna Abubakar Rimi ya naɗa kwamishinoninsa ba tare da wahala ba, kuma aikin da ya yi ya nuna abin da rinjayen majalisa ke sawwaƙewa: hukumar yaƙi da jahilci ta 1980, jaridar Triumph, gidan talabijin na jiha, kai wutar lantarki karkara, da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu tun kafin gwamnatin tarayya ta ayyana shi. Aƙidar ɗaya ce da ta Kaduna, bambancin yana ga yawan hannuwan da ke ɗagawa a zauren majalisa.

Duk da haka Kano ba ta tsira ba. Bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke ranar 10 ga Yuli, 1981, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Kwana 17 ke nan bayan tsige Balarabe. Rikicin santsi da taɓo ya ci kujerar mataimakin gwamna Alhaji Ibrahim Bibi Faruƙ a wannan shekarar. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya koma NPP, ya ajiye muƙami, ya tsaya takara, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. A Kaduna kuwa Lawal Kaita ya karɓi jihar. Kaduna ta nuna illar rashin majalisa, Kano ta nuna cewa majalisa ma ba ta isa ba idan jam'iyya ta tsage.

8.0 Abin da Ya Shafi 'Yan Gwagwarmayar Yau

Wasu abubuwa sun sauya. A kundin 1999, babban alƙalin jiha ne ke naɗa kwamitin binciken gwamna, kuma tun shari'ar tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Jihar Oyo kotuna suka nuna za su soke tsigewar da ba ta bi ƙa'ida ba. Shi kansa Balarabe yana cikin waɗanda suka kai hukumar zaɓe ƙara har Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofar rajistar sababbin jam'iyyu a 2002. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta mayar da shekarun shiga majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Abin da bai sauya ba shi ne, har yanzu babu takarar indifenda, sai ta hanyar jam'iyya. Ga tsadar fom, ga wahalar zaɓen fid da gwani, ga iyayen gida masu ɗaukar nauyi su kuma jira sakayya. Matashin da ya yi suna a unguwa ko a Facebook yakan ɗauka yawan masu yaba masa zai zama ƙuri'a, ya kuma hango kujera mafi girma tun a tashin farko. Tarihin da muka bibiya yana ba shi shawara uku. Ta farko, ya ɗauki kujerar kansila da ta majalisar jiha da muhimmanci, domin can ake amincewa da kasafi da naɗe-naɗe, can kuma ake tsigewa. Ta biyu, kada ya shiga shi kaɗai. Ƙungiyar da ta san shi ta tsayar da mutane da yawa a mazaɓu da yawa, ko da za a ɗauki zaɓe biyu ko uku kafin a ga amfanin. Ta uku, ƙungiyar ta ci gaba da rayuwa a wajen gwamnati, da shugabanninta da taronta da kuɗin shigarta, yadda za ta iya kare shi idan an taso masa, ta kuma ja masa kunne idan ya kauce. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin ci gaban gari suna mutuwa ne ranar da shugabansu ya ci zaɓe, domin kowa ya koma jiran muƙami.

9.0 Kammalawa

Balarabe Musa ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 2020, yana kan aƙidar da ya shiga tun 1953. Mulkinsa bai kai shekara biyu ba, amma daga cikin matasan PRP na wancan zamani aka sami gwamnoni irin su Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Sule Lamiɗo a Jigawa. Wannan maƙala ta nuna cewa faɗuwar gwamnatinsa ta samo asali ne daga tazarar da ke tsakanin farin jininsa da ƙarfin jam'iyyarsa a mazaɓu, sai kuma rabuwar kan jam'iyyar a lokacin da ake buƙatar haɗuwarta. Muna kira ga masu bincike a jami'o'inmu su tattara bayanan sauran 'yan majalisar Kaduna da Kano na 1979 da ke raye, da rahotannin hukumar binciken filaye, tun kafin su salwanta. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin al'umma da ke shirin tura nasu cikin siyasar jiha su fara da ƙirga mazaɓun da za su iya ci a majalisa, sannan su yi maganar gidan gwamnati.